Askin Zomaye

Matar mai aski ba don nama take kiwon zomaye ba, abin da 'yan layinsu suka kasa ganewa ke nan. Mutum zai leƙo gidan, ya ga halittu huɗu kamar an tara auduga an dasa mata kunnuwa, sai ya tambaya yaushe za a yanka. Ita kuwa sai ta yi masa kallon da zai manta abin da ya kawo shi. Zomayenta irin masu dogon gashi ne, gashin take so. Kullum tana tsefe su, in gashi ya kai ta yanke shi da almakashi a hankali, ta kaɗa shi da mazari ya zama zare, ta saƙa huluna da safar jarirai masu laushin da in ka taɓa ba ka son saki. Shi ya sa aka laƙaba mata Uwar Zomaye, har mijinta ma da shi yake kiranta.

Akwai Toka, akwai Gawayi, akwai wani malalacin namiji da ake ce wa Sarkin Barci. Sai kuma Auduga, 'yar gaban goshi, fara fat, wadda ke zuwa ta ɗora haɓa a ƙafar uwar ɗakinta in tana saƙa. A bana Auduga ta ƙara daraja, domin 'yar masu gidan tilo tana ɗauke da tsohon ciki, kuma Uwar Zomaye ta ci alwashin jikanta na fari a cikin farin bargo zai kwana, wanda babu zare ko ɗaya a jikinsa sai na Auduga. Bargon ya yi nisa, saura kamar faɗin tafin hannu biyu, zare ya ƙare. Sauran yana jikin zomanyar, yana girma.

Matsalar ita ce zafi ya riga gashin isowa. Kuma kada wani ya ce rashin sani ne, babu abin da matar nan ba ta sani ba. Ita ce ke gaya wa mutane cewa zomo ba ya gumi, ta kunnuwa yake fitar da zafi. Ita ce ke cika gorunan roba da ruwa ta sa a firji su daskare, ta jera musu su jingina. Ita ta sayi fanka ta kafa a barandar baya, ta shimfiɗa tayil a keji don su samu wurin sanyi. Ta san da zafi ya shigo ake rage musu gashi. Amma ta kuma san gajeren gashi ba ya riƙe kaɗi, zubewa yake yi ya shige hancin jariri. Sai take auna gashin Auduga da yatsa kowace safiya, ta ce saura kaɗan.

"Uwar Zomaye," mijin ya ce wata rana, yana fifita da kwali, "mu da ba mu da gashi a jiki muna neman narkewa, balle wannan baiwar Allah mai yawo cikin bargo. Ki bar ni in ɗan yi mata saisaye."

"Maigida, ka tsaya a kan kawunan mutane. Ranar da kilifar askinka ta taɓa zomona, ranar za a ji mu."

Ya yi dariya ya tafi shago. Ita ba ta yi ba, domin ta san mutumin. Mai aski in ya ga gashi ya yi yawa, yatsunsa ƙaiƙayi suke yi, ko a kan baƙo ne a cikin mota.

Ranar da abin ya faru, za ta raka 'yar tata awo asibiti. Maigida ya riga ya fita. Ta yafa gyale, ta kai bakin ƙofa, sai ta waiwayo ta ga Auduga, ta tuna irin kallon da ya yi wa gashin nan da safe yana shan shayi. Zuciyarta ba ta kwanta ba. Ta dawo ta ɗauki zomanyar ta sa a ƙaramin keji, ta kai ta ɗakin saƙa da ke ƙarshen baranda, ɗan ƙaramin ɗaki mai rufin kwano, ba silin. Ta rufe taga saboda kyanwar maƙwabta, ta kunna fankar ɗakin ta saita ta, ta ajiye gorar ƙanƙara, ta ja ƙofa ta danna kwaɗo. Makullin ta jefa a jaka tana jin daɗin wayonta. Ai kafin rana ta take za ta dawo.

Ba ta dawo ba. An auna 'yar aka ce jininta ya hau, aka kwantar da ita, aka ce a jira likita. Uwa ta zauna a kan benci tana wasiwasi, wayarta can ƙasan jaka, an sa ta kashe mata ƙara tun a bakin ƙofa. Sai da rana ta karkata aka sake awo, aka ce da sauƙi, su je gida. Ta kai yarinyar ɗakinta, ta kamo hanyar gida.

Tana shiga barandar baya ta tsaya cak. Da farko ba ta gane abin da take gani ba. Wasu abubuwa uku ne a kwance a kan tayil, jajaye-jajaye, sirara, kamar kajin da aka fige aka manta ba a yanka ba. Sai ɗaya ya motsa kunne. Toka ce. Wancan mai haƙarƙari a waje Gawayi ne. Sarkin Barci kuwa, da take ɗauka ƙato ne, ashe bai fi tsawon takalmi ba. An aske su ƙwal, aka bar musu ɗan tukku a ka, har an daidaita musu layi a wuya, tsaf, irin wanda ake yi wa ango. A tsakiyarsu mai aski ne zaune a ƙasa da kwanon ruwa da tsumma, yana shafa wa Toka kunne.

Ta dafa bango. Da ta yi magana, muryar ƙarama ce, ita kanta ba ta gane ta ba.

"Maigida, mene ne wannan?"

"Sannu da zuwa. Ya jikin yarinyar? Ki zauna tukuna in miki bayani."

"Ina gashin?"

"Na share."

"Ka share ka kai ina?"

Ya dube ta da mamaki na gaskiya. "Inda ake kai gashi mana."

Ta leƙa kwandon shara. Ga shi nan, guntu-guntu kamar ƙura, baƙi da toka-toka a cakuɗe da ganyen shayi da ɓawon albasa. Gashin watanni. Ko da bai zubar ba ma ba zai kaɗu ba, domin ya bi shi da kilifa sau biyu sau uku, yadda ake bin ƙeyar mutum. Tun yana saurayi hannun nan ya saba: a aske, a share, a zubar. Bai taɓa kallon gashin da ya faɗi ƙasa a matsayin abin da wani zai yi kuka a kansa ba.

Ranta ya ɓaci ɓacin da ba ta taɓa ji ba a zamansu. Ta faɗa masa maganganu, wasu ma ba na ranar ba ne, tsofaffi ne da ta adana. Yana ta buɗe baki tana rufe masa. Cikin faɗan hannunta ya shiga jaka ya taɓo makulli, sai wani sanyi ya ratsa ta. Ta zaro shi ta ɗaga a gaban fuskarsa.

"Allah ya so ni. Na san halinka, shi ya sa na kulle Auduga. Da yanzu har da bargon jikana ka zuba a shara."

Tsumman ya faɗi daga hannunsa cikin kwano.

"Kin kulle ta a ina?"

"A ɗakin saƙa. Da fankarta da ƙanƙararta."

"Ba tafiya kika yi da ita ba? Na ga kejinta wayam, na ce kin biya da ita wurin likitan dabbobi." Ya miƙe a hankali. "Uwar Zomaye, ai tun da hantsi aka ɗauke wuta. Shi ya kore ni daga shago. Na tarar da waɗannan a miƙe, baki buɗe, hanci a jiƙe, suna haki kamar ransu zai fita. Na yi ta kiranki ba ki ɗaga ba. Ɗan cajin da ya rage a kilifa na yi amfani da shi."

Ta ɗaga kai ta dubi fankar baranda. A tsaye take. Tun shigowarta a tsaye take, ita ce ba ta gani ba.

Makullin ya ƙi shigar mata kwaɗon. Ya karɓa ya buɗe. Zafin da ya fito daga ɗakin ya buge su a fuska kamar an ɗaga murfin tukunya. Auduga tana kwance a miƙe, ta manna cikinta da gorar, gorar kuwa ruwan cikinta ya yi ɗumi kamar na wanka. Idonta a buɗe. Gashin haɓarta a jiƙe. Uwar Zomaye ta durƙusa ta kira sunanta, ta taɓa kunnen, ta sa hannu a ƙirjin tana jiran wani abu ya buga. Jikin ya riga ya sandare.

"Bango ɗaya ne tsakanina da ita," mai aski ya ce daga bayanta. "Wunin nan duk ina jingine da shi. Ban ji komai ba."

Ba zai ji ba. Zomo ba ya kuka, wannan ma tana cikin abubuwan da take koya wa mutane.

Ta fito da ita daga kejin ta ɗora a cinya. Sai ta ga yatsanta ya shige cikin gashin bayan, ya miƙe, yana auna shi kamar kowace safiya, ba da izininta ba. Gashin ya wuce tsawon yatsan. Ya kai. Fari tas, babu ƙura, babu cukurkuɗewa, bai taɓa yin kyau irin na yau ba. Kunya ta kama ta. Ta janye hannun da sauri ta ɓoye shi a ƙarƙashin gyale.

Sun daɗe a haka. A waje Sarkin Barci ya tashi, tsirararsa, ya ja jiki zuwa kwanon ruwa yana sha, ana jin ƙarar harshensa. Mai aski ya ɗauko almakashinta daga kan tebur, ya riƙe shi ta baki ya miƙo mata mariƙin, sannan ya fasa.

"In ba za ki iya ba, ni sai in yanke miki," ya ce a hankali. "Dogo, sau ɗaya, yadda kike yi. Ba zan zubar da ko sili ba. Bargon zai cika."

Ta dubi bargon da ke ninke a kan kujera, kwarashi a soke a bakinsa inda zare ya ƙare. Gaskiya ya faɗa, zai cika, har a samu rarar hula.

"Ajiye," ta ce. "Na hana a cire mata shi tana da rai. Ta tafi da abinta."

Shi ya haƙa ramin a gindin katangar baya, ya binne ta da gashinta duka. Ita ba ta fita ba. Ta zauna a ɗakin da zafinsa, ta zare kwarashin, ta kama bakin bargon ta rufe shi a daidai inda ya tsaya.

Da aka haihu, ta kai bargon asibiti a cikin jaka. 'Yar ta warware shi ta shafa a kumatu, ta naɗe jaririn, sai ƙafafunsa suka leƙo ta ƙasa. Ta ja bargon, kafaɗa ta buɗe.

"Mama, kamar ya ɗan yi gajere ko?"

"Ya yi," in ji Uwar Zomaye. Ta sa tafin hannunta ta rufe ƙafafun yaron, ta bar shi a nan.