Majinyacin Asibiti Uku

"Ta hammata za ku kama ni, ba ta wuya ba," in ji Agogo. "Malam, kai ko buhu ba ka taɓa ɗauka ba?"

Ban taɓa ba. Ni da matarsa muka cicciɓe shi daga ɗaki zuwa tasin da ke jira a ƙofar gida. Kowace kalma sai ya saye ta da numfashi biyu, amma bai fasa koya mana lodi ba. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, sai matar ta riƙo su a hannu.

Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa. Ana ce masa Agogo ne don bai taɓa makara ba. Tashin a-kori-kurarsa da safe shi ne ke gaya wa matan layinmu lokacin ɗora ruwa a wuta. Ni kuwa tsohon mai gyaran rubutu ne a maɗaba'a. Na tsufa ina duba rahotannin hukuma kafin a buga su. Waƙafi da aya nake gyarawa, ƙaryar ba ta cikin hurumina.

Aikin Agogo a 'yan shekarun nan guda ɗaya ne, kuma bai taɓa ɓoye mini shi ba. An ba wani ɗan kwangila aikin zuba kaya a ƙananan asibitocin yankinmu. Ya sayi na asibiti ɗaya, gadaje da firiji da tukunyar iskar oksijin, ya kulle a sito. Duk lokacin da kwamitin duba ayyuka zai fito zagaye, Agogo ne ke riga su isa. Ya sauke kaya, a jera, a manna musu sitika mai lambar asibitin. Kwamiti ya gani ya yaba, ya tafi cin abinci. Kafin su wanke hannu Agogo ya kwashe ya yi gaba, an ɓare sitika an manna wata.

Na taɓa ce masa wannan aikin zalunci ne. Ya ce, "Malam, ni kaya nake ɗauka. Kai da ka karanta duk abin da suka rubuta, wanne ka hana bugawa?" Ban sake tayar da zancen ba.

Da zuciyarsa ta fara gazawa, ruwa ya taru masa a huhu, an kai shi babban asibiti. Suka ce injinsu na iska ya lalace tun bara, a nemi asibitin kuɗi. Asibitin kuɗi kuwa ba don irinmu aka gina shi ba. Aka dawo da shi gida da ƙwayoyi, ƙaninsa Auta ya karɓi mota. Daga bakin Auta ya ji cewa ranar Alhamis kwamiti zai zo asibitin unguwarmu.

"Alhamis akwai iska," ya ce da ni. "Tukunyar cike take, ni na san nauyinta. Shugaban kwamitin yana son ya murɗa ya ji ta yi tsaki, shi ya sa ba a barin ta ba komai. Ku dai lallaɓa ni in kai Alhamis."

Ya kai.

Rabona da shiga asibitin nan tun ranar da matata ta cika a kan bencin barandarsa, muna jiran wanda ya tafi da makullin ɗakin magani. Da ƙyar na gane wurin. An shafa fenti har kan gindin bishiyoyi. Famfon da na sani a bushe yana zubar da ruwa, ga sawun tayar tankar da ta cika masa tanki tun da sassafe bai ko goge ba. Bencin ma an yi masa fenti. Na kau da kai.

Shugaban asibitin ya tare mu a ƙofa da farar riga mai layin guga. "Yau ba ma ganin marasa lafiya, muna da baƙi."

Nas ɗin da ke bayansa ta leƙa cikin tasin, ta ga leɓɓan Agogo sun yi baƙi. "Oga, gara wannan da mai shara. Ka tuna wancan karon da muka kwantar da ita a matsayin majinyaciya, dariya ta yi ta yi a gaban kwamiti."

Ya yi ɗan tunani, ya ce a shigo da shi.

Aka kwantar da Agogo a kan gadon da ya sha ɗaurewa da igiya. Nas ta sa masa roba a hanci da baki, ta murɗa tukunyar. Ban san numfashi abu ne da ake gani da ido ba sai ranar. Kafaɗunsa suka sauka, yatsunsa suka saki zanen gado. Matarsa ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Can ya ɗaga robar ya ce, "Wannan ƙafar gadon ni na lanƙwasa ta a kan gada. A sa mata kwali."

Kwamiti ya iso da rana tsaka, mutum biyar da mai hoto. Shugabansu dattijo ne mai tsafta, da tabarau a saman hanci. Ya buɗe firiji ya rufe. Ya wanke hannu a famfo a gaban kamara. Da ya iso kanmu ya tsaya ya karanta sitikar tukunyar, wani na bayansa ya yi maki a takarda.

Na shekara da shekaru ina tsara abin da zan faɗa in Allah ya haɗa ni da irin mutanen nan. A kai nake tsara shi, in ina aski, in ina wanke kwanon da nake ci ni kaɗai. Ga su kuma taku biyu daga inda nake. Na gyara murya. Sai na ji hannun Agogo ya damƙi wuyan hannuna, damƙa irin ta mai ɗaure kaya. Ya girgiza kai. Na dubi robar da ke fuskarsa, na dubi tukunyar. Na haɗiye maganar.

"Baba, yaya kulawar?" in ji shugaban kwamitin.

Agogo ya ɗaga babban yatsa. Mai hoto ya ɗauka.

Ƙarar motocinsu ba ta gama ɓacewa ba muka ji wata ƙarar da duk muka sani tana ja da baya zuwa bakin baranda. Auta ya shigo da igiya a kafaɗa, tare da wakilin ɗan kwangilar, wani gajere mai tarin makullai a ƙugu. Auta ya ga wanda ke kan gadon, ya tsaya cak.

"Yaya."

"Ka makara," in ji Agogo.

Wakilin ya tafa hannu. "To jama'a, a taimaka. Da la'asar suna asibitin bayan gada. A ɗaga mana bawan Allahn nan."

"A ɗaga shi a kai shi ina?" na ce.

"Dattijo, ni ma aiko ni aka yi."

"Kowa a ƙasar nan aiko shi aka yi. Ni har yau ban ga wanda ya yi aiken ba."

"To in ka gan shi ka gaishe shi. Auta, kama firijin."

Auta bai motsa ba. Matar Agogo ta miƙe ta je ta rungume tukunyar da hannu biyu. Nas ta fice kamar an kira ta. Wakilin ya fara latsa waya, yana cewa direbobi sun fi ƙasa yawa, in wani ba ya so wani na so. Duk mun san motar nan ita ke ciyar da gida biyu.

Agogo ya cire robar. "Kai, Auta. Gadon nan a kwance yake shiga?"

"Yana shiga, Yaya, in an sa sauran a tsaye."

"To meye na tsayuwa? Firiji a gaba, jikin gidan direba. Tukunya a kusurwar hagu, ɗauri biyu. Ni a tsakiya." Ya ja iska, ya dubi wakilin. "Can kuna da majinyaci?"

Wakilin ya sauke wayar daga kunne. Na ga lissafin yana tafiya a fuskarsa. "Wallahi ba mu da shi," ya ce. "Ai ma ya fi."

Haka aka yi lodin maƙwabcina. Matarsa ta zauna a gefen kansa da laima, ni na rakuɓe a kan katifu ina riƙe da bututun robar kada ya fizge. Titin bayan gada duk ramuka ne, shi ma na taɓa gyara rahoton kammala shi. Agogo yana kwance yana kallon sama, amma ya san kowane rami tun kafin mu isa. Sai ya buga jikin motar da tafin hannu, Auta ya rage gudu.

"Uwargida," na ce, "in kin gaji kawo laimar."

"Bar ta, Malam. Tunda aka kawo ni gidansa bai taɓa fita da ni yawo a motar nan ba sai yau."

Robar ta motsa a fuskar Agogo. Dariya yake.

Asibiti na biyu shuɗin fenti aka yi masa. Aka sauke, aka jera, aka canza sitika. Wakilin ya kawo shawarar a cire wa Agogo hula a juya gadon ya kalli taga. Kwamiti ya zo, shugaban ya buɗe firiji ya rufe, ya tambayi Baba yaya kulawar. Baba ya ɗaga yatsa. A nan muka kwana, don kaya ba sa komawa sito sai an gama zagaye.

Da safe na lura allurar ma'aunin tukunyar ta gangaro kusa da jan layi. Na nuna wa Auta, ya nuna wa wakilin. Wakilin ya ce a rage murɗin don ta kai asibiti na uku. Agogo da kansa ya miƙa hannu ya rage.

Na uku yana can ƙarshen yanki, inda kwalta ta ƙare. Fentinsa bai bushe ba, ya shafe mini hannun riga. Zuwa lokacin Agogo ya daina ba da umarni. Da kwamiti ya shigo, yatsan ma matarsa ce ta tallafa masa ya ɗaga.

Na yanke shawara a raina. Iskar ta kusa ƙarewa, babu sauran abin da shiruna zai saya masa. Na jira mai hoto ya rufe kamararsa, sauran suka nufi ƙofa, na matsa kusa da shugaban kwamitin. Sai na ga bai bi su ba. Ya sunkuya a kan gadon, ya sassauta murya.

"Sannu, Agogo. Allah ya ba ka lafiya." Ya gyara masa zanen rufa. "Ƙanin nan naka bai kai ka iya ɗauri ba. Jiya a kan gada muna bayanku, na ce firijin nan sai ya faɗo."

Ya miƙe, ya gyara tabarau, ya yi mini sallama cikin ladabi irin wadda ake yi wa dattijo, ya fita.

Na tsaya da jawabina a baki. Duk shekarun nan na ɗauka abin da ya rage shi ne a samu mai faɗa musu.

Iskar ta ƙare kafin azahar. Babu wata ƙara, tsakin ne kawai ya yi ƙasa ya ɗauke. Agogo ya ƙara kamar awa guda a bayanta, kansa a cinyar matarsa. Abu na ƙarshe da na ji ya faɗa da Auta yake: a duba ruwan lagireto kafin a kama hanya.

A motar muka dawo da shi, a kan gadon, don babu wata. Auta ya sauke mu a gida, ya wuce ya kai kaya sito, ya dawo ya tarar da jana'iza. Daga baya ya gaya mini mai sito ya yi ta faɗa a kan wa ya shanye iskar.

Bayan an share makoki jarida ta fito da shafi biyu a kan nasarar zagayen. Ban yi niyyar nuna wa kowa ba, amma Auta ya riga ya ba da labari. Matar Agogo ta yi sallama a ƙofar gidana da almakashi a hannu.

"Malam, an ce ya fito a jarida."

Na shimfiɗa mata shafin a kan benci. Hoto uku ne a jere: farin bango, shuɗin bango, koren bango. A na farko da hula, a na biyu babu, a na uku hannun mace ya shigo ta gefe yana tallafe da nasa.

"Me suka rubuta a ƙasa?"

Na karanta mata. Wani majinyaci yana samun kulawa. Sau uku, da sunan asibiti daban-daban. Akwai waƙafi ɗaya da ba a wurinsa yake ba.

"Ba mu da hotonsa ko ɗaya, ka sani," ta ce. "Kullum sai ya ce ba shi da lokaci."

Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta zaɓi na farkon, inda kafaɗunsa suka sauka, ta bi gefensa da almakashi a hankali, ta bar rubutun a jikin jaridar. Ta sa hoton a tafin hannu, ta rufe da ɗayan don kada iska ta ɗauke, ta tsallaka zuwa gida.