Tatsar Rana

Zazzaɓi ya kama Malam Jatau da rana tsaka, a lambunsa, ranar da albasarsa ta cika kwana uku ba ta sha ruwa ba. Ya ja jiki ya kwanta a inuwar farantan sola huɗu da 'yarsa Uwani ta kafa masa. Ita kaɗai ta rage masa a duniya, kuma haɗa sola ne aikinta a birni. Wata biyar ke nan rabon da ya ji muryarta, tun ranar da ya ce ko ta tattaro ta dawo gabansa gaba ɗaya, ko ta daina kiransa. Uwani kuwa ubanta ta gado wajen taurin kai, sai ta ɗauki na biyun.

Tsakanin farantan da famfon ban ruwa ta saka wani shuɗin akwati, ta ce, "Baba, komai ka taɓa, ban da wannan." To, Jatau bai taɓa yarda da ɗan tsakiya ba. A ganinsa akwatin dillali ne, yana zaune yana cin rabon famfo. Kwana uku da suka wuce ya sa filaya ya cire shi ya jefar, ya haɗa waya da waya. Famfon ya yi gurnani, ya tofo ruwan da bai cika moɗa ba, ya yi gum. Kiran Uwani kuwa, ya ce gara albasar ta ƙone.

Idonsa na rufewa ya ji ƙarfen da ke bisa kansa yana numfashi. Farantan suka haɗe, suka miƙe a kan ƙafa huɗu, suka zama wata baƙar saniya ta gilashi, hantsarta cike da hasken rana har yana ɗaukar ido. Lambun ya ɓace. Fili ne fari fat ko'ina, ba mutum, ba tsuntsu, ko inuwarsa ba ta biyo shi ba.

Ya tsinci ƙwarya a hannunsa, ya durƙusa ya kama nono ya matsa da iyakar ƙarfinsa, yadda ya saba yin komai. Hasken ya tsuke ya koma ciki, ɗigo biyu kawai ya faɗo.

"Ka matsa da yawa," in ji saniyar.

Ya yi fushi ya janye hannunsa. Hantsar ta kumbura tam, amma ƙwaryar ta zauna wayam.

"Yanzu kuma ba ka nemi komai ba."

"To yaya kike so a yi miki?"

"Tambayi wanda ka jefar."

Sai ga shuɗin akwatin yana tahowa da tsallen kwaɗo, yankakkun wayoyinsa na jan ƙasa a baya. Bai yi sallama ba, ya ce, "Biyo ni, Malam." Ƙasa ta taso ƙarƙashinsu ta zama tudun rairayi, suka kama hawa. Tafiyar akwatin ta ƙure haƙurin Jatau. Taku ɗaya zai yi, ya tsaya, ya karkata kamar mai saurare. In hasken da ke goshinsa ya ƙaru, ya ƙara taku. In ya dushe, ya ja baya kaɗan.

"Ka nuna mini ƙololuwar mana, mu wuce kai tsaye."

"Ɗazu tana can," in ji akwatin. "Gajimare ya gifta, ta dawo nan. In gilashi ya ɗau zafi, ta sake gusawa."

"Ashe ba ka hutawa?"

"Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta tambayar farantan nake, in ƙara ja ne, ko in sassauta? Kai kuma ka ce ci nake."

"Ni ban saba tambaya ba."

"Na sani. Shi ya sa filin nan ba kowa sai kai."

Maganar ta soke shi. Tudun ya tsage a gabansa, sai ga rijiya, igiyarta wayar lantarki ce, tana lilo a cikin duhu. Daga can ƙasa wata murya ta taso, ƙarama, irin ta Uwani tana 'yar shekara shida tana biye da shi zuwa lambu da buta.

"Baba."

Ya damƙi igiyar da hannu biyu, ya tokare ƙafa da bakin rijiyar. "Fito! Dawo gida!" Duk jan da ya yi sai muryar ta ƙara sirancewa, har ta koma kamar kukan sauro. Ransa ya ɓaci, ya watsar da igiyar. Sai shiru ya sauko, irin shirun da ke tarbarsa a tsakar gida kullum in ya dawo, ya ci tuwonsa shi kaɗai yana fuskantar bango. Nan ne Jatau ya yarda cewa kaɗaici ke cinsa, ya zauna a kan rairayi ya yi kuka kamar yaro.

Akwatin ya matso ya jingina da gwiwarsa. "Kaɗan," ya ce. "Sannan ka saurara."

Jatau ya miƙa yatsu biyu ya kama igiyar, ya ɗan taɓa ta, sai ya ji wani abu ya motsa a can ƙasa.

Firgigit ya farka. Inuwa ta gusa ta bar shi, rana na dukan fuskarsa, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Albasar na nan kwance a kwamin da ya tsattsage. Ya laluba aljihu ya zaro wayar salula, ya kira Uwani.

Ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka.

"Baba?" Muryar a ɗarare take.

Maganganun wata biyar suka taso masa gaba ɗaya, na famfo, na albasa, na dawowa gida. Ya haɗiye su.

"Uwani," ya ce, "kin ci abinci?"

Ya manna wayar a kunnensa, ya kame bakinsa, yana jira.