Tsarabar Muna

Magagi ya sake miƙewa daga kan buhun da yake zaune, ya kakkaɓe bayan rigarsa, ya harari igiyoyin da ya baje a gabansa kamar su suka yi masa laifi. Tun hantsi yake wannan tashi-zauna a kasuwar Filinge. Igiya ɗaya tak ya sayar, ita ma sai da mai sayen ya ja ta, ya murɗa ta, ya kushe ta son ransa.

"Manzo, duba mini kayan ga, yanzu in dawo."

Manzo mai tabarmi, wanda suke rumfa ɗaya, bai ko ɗago kai ba. "Wai yau mi ke cizonka ne? Zauna wuri guda mana, tsoho da kai."

Abin da ke cizonsa yana can gida, shekararta biyar, sunanta Muna. Jikarsa ce, ɗiyar 'yarsa Nasiba. Wasan nan na kaka da jika ya haɗa su: ita ce amarya, shi ne miji, kuma a dokar Muna mijin da ya je kasuwa ya dawo hannu rabbana ba miji ba ne. Kasuwa biyu ke nan a jere yana dawowa haka. Ta farko ta yafe masa. Ta biyu ta juya masa ƙeya, ta ƙi cin tuwo a kwanonsa. Yau da safe kuwa gefen rigarsa ta riƙe a bakin ƙofa, ta ce, "Tsoho, in ba alawa yau, kada ka ƙara ce mini amarya."

Duk gidan aka kwashe da dariya, ban da shi. Gobe da sassafe mota za ta kwashi Muna da uwarta zuwa Yamai, inda uban yarinyar ya sami aikin gadi har ya kama ɗaki. Yau ce kasuwarsu ta ƙarshe. Magagi kuwa ya san shekarunsa, kuma ya san waɗanda suka tafi Yamai ba kullum suke waiwayo ƙauye ba. Ba ya son abin da yarinyar za ta tafi da shi a kai ya zama hannunsa wofi.

Ya kutsa cikin mutane har teburin Ibrah, inda yake yi wa matarsa Salamatu cefane. Gaskiyar magana, shekara da shekaru Magagi bai taɓa sayen alawa da kuɗinsa ba. In ya sayi gishiri da dunƙule da ɗan mai, sai ya ce, "To, gyara fa?" Ibrah ya cusa hannu a kwalba ya damƙo alawar madara biyu ko uku ya jefa masa a leda. Da gyaran Ibrah aka riƙe auren nan tun yarinyar tana rarrafe.

Yau ma ya zazzage kuɗin igiyar a kan tebur. Ibrah ya ƙulla gishiri, ya tsiyaya mai a 'yar leda yana kallon kowane ɗigo, ya ɗora dunƙule, ya tura masa.

"Gyara fa, ɗana?"

"Haba Baba, ban faɗa maka tun waccan kasuwar ba? Gyara ya mutu, har an yi sadakar ukunsa. Ni da na sari kaya a Baleyara wa ya gyara mini? Sukari ya tashi, madarar gari ta tashi, kuɗin mota ya tashi. Matar da ke dafa mini alawar ga ma cewa ta yi za ta bari."

"To guda nawa take?"

"Dala goma."

"Dala goma! Wanga abin da bai kai kan babban yatsa ba? Bara fa dala goma tafin hannu take cikawa!"

"Bara ke nan, Baba."

Magagi ya dubi ƙullin man, ya dubi kwalbar. In ya ce a rage mai a ba shi alawa, an gama. Amma yau tuwon bankwana za a yi, surukai za su zo, kuma Salamatu ta san halinsa sarai. Sai da ta biyo shi har waje da safe tana cewa, "Malam, na roƙe ka, kada ka taɓa mini kuɗin miya saboda ja'irar amaryar nan taka." Ya ja tsaki, ya kwashi ledarsa, ya bar wurin ba ko sallama.

Bai koma rumfa ba, ƙafafunsa sun ƙi. Ya bi layin masu dabino, ya taya, ya wuce. Ya tsaya gaban mai rake, ya ga an yanka gaɓa ɗaya gida biyu ana sayar da kowane rabi kuɗin da a da ake sayen sanda guda. Layin masu tsire kuwa ko kallo bai yi ba, ƙamshin kawai ya bi shi yana tsokana. Kai, wannan zamani! Abin da ake miƙa wa yaro don ya yi shiru, shi ne yau dattijo yake zagayawa yana haɗiyar miyau a kansa.

A bakin tasha ya iske wata mata tana suyar fanke, ƙanana kamar ƙwan kurciya. Ya durƙusa kusa da kaskon, ya rage murya don kada a ji.

"Ɗiyata, igiya gare ni, ta kaba, sabuwa, ni na tufka ta da hannuna. In kawo miki guda ki ba ni fanke?"

Ta dube shi, ba da raini ba. "Baba, mi zan ɗamre da ita? Akuyar ma tun bazara muka sayar."

Kunya ta rufe shi. Ya miƙe gwiwarsa tana ƙara, ya koma rumfa, ya iske Manzo yana jiransa da labari.

"Ka ga irinta ko? Na tafi salla, wani Bafillace ya zo neman igiyar shanu. Ya iske ba kai ba ni, ya wuce wajen masu igiyar roba."

Magagi ya zauna daɓas. Ya tashi. Ya jera igiyoyin, ya sake wargaza su. Duk wanda ya gifta sai ya bi shi da ido, har da matan da suka zo sayen kuka. La'asar ta yi, inuwa ta miƙe, 'yan kasuwa suka fara naɗe kaya. Can bakin hanya mai amalanken jaki na ƙauyensu ya fara kira: "'Yan gida! A taho, mu tafi!"

Ya laluba aljihun ƙirjinsa. Kuɗin amalanke na nan, wanda tun safe yake yi kamar bai san da shi ba. Tun da gwiwar nan ta fara ciwo bai ƙara taka hanyar gida da ƙafa ba, ga yashi, ga nisa. Ya tsaya yana jin kiran, yana murza kuɗin da yatsa.

"Manzo, kai da ke cikin gari, ajiye mini igiyoyin ga a gidanka sai kasuwa mai zuwa."

Ya koma teburin Ibrah yana ɗingishi. "Ba ni guda. Wadda ta fi girma. A'a, ba waccan ba, ta ƙasa. Kuma ka naɗe ta a takarda, tsaraba ce."

Amalanke ya tafi ya bar shi. Ya kama hanya, ledar cefane a hannu, ɗayan hannun a kan aljihu. Bai yi nisa ba wata sabuwar damuwa ta taso masa. A nan yankinsu na ƙasar Kurfai, tsaraba ba ta ɗa guda ba ce. Ranar kasuwa yara ke cika bakin gari suna jiran masu dawowa, kuma wanda ya fiddo abu a gabansu dole ya raba. Ka ba naka kaɗai, ɗiyan maƙwabta na kallon bakinsa? Sai a yi shekara ana maganarka a bakin rijiya. To alawa guda, yara nawa za ta isa? In suka gan shi, Muna ko ɗanɗano ba za ta samu ba.

Saboda haka da ya hango rumbunan ƙauye, rana ta yi ja, sai ya bar hanya ya ratsa ta cikin gona. Ya zagaya bayan gidansa, inda awaki suka yi wa danga kafa. Ya tura ledar, ya durƙusa, ya rarrafa. Dattijo mai furfura, yana shiga gidansa kamar ɓarawon kaji! Kara ya yage masa gefen riga, bai kula ba.

Muna na zaune a ƙofar gida ta ba shi baya, ta zuba wa hanya ido. Ta ga amalanke ya iso babu shi, amma ta ƙi tashi.

"Amarya," ya kira ta ƙasa-ƙasa daga bayan rumbu. "Zo nan. Yi shiru."

Ta taho da gudu. Ya ciro takardar ya sa mata a hannu.

"Ci nan, yanzu. Ke kaɗai. Kada ki gaya ma kowa."

Ta warware takardar a hankali. Alawar ta ɗan narke, ta manne a gefe guda. Ta dube ta, ta dube shi, fuskarta ta washe gaba ɗaya. Kafin ya ankara ta zille, ta fita ƙofar gida tana ɗaga hannu sama, tana kwarara ihu iya ƙarfinta.

"Ku zo ku gani! Mijina ya kawo tsaraba! Wa ya ce ba shi kawowa? Wa ya ce?"

"Muna! Ke Muna!"

Ina! Yara sun riga sun ji. Suka kewaye ta, manya da ƙanana, har da mai goyo a baya. Magagi ya tsaya a bakin ƙofa ƙafafunsa na zogi, ransa ya ɓaci har yana jin kamar ya yi kuka. Duk wannan tafiyar!

Muna ta tsaya a tsakiya, ta ɗaure fuska irin ta matan gida in suna rabon nama. "Ku jeru. Wanda ya yi wawa ba ya samu." Ta sa haƙori ta gutsuro, ta ɗora a tafin na farko. Ta sake gutsurowa. Rabon yana tafiya yana ƙanƙancewa, har ya koma kamar ƙwayar gero, amma ba wanda ta tsallake. Da ta gama, ɗan ɓurɓushi ne ya rage manne da takardar. Ta kankare shi da farce, ta taho wajen Magagi.

"Tsoho, buɗe baki."

"Naki ne, amarya. Ke fa ba ki ci ba."

"Na ji zaƙin a haƙorina. Buɗe."

Ya sunkuya ya buɗe. Ta ɗora masa a harshe, ta lashe takardar, ta dube shi da gargaɗi.

"Amma kasuwa mai zuwa biyu za ka kawo. Guda ba ta isa."

Daga cikin gida ana jin Nasiba tana jan buhun kayansu zuwa bakin ƙofa, tana tambayar ina takalmin yarinyar nan.

"To," in ji Magagi. "Biyu."