Sunan Malam Andrawus

Tun ranar da Alexander ya sauko daga jirgin ƙasa a tashar Kafanchan da farar riga mai igiya a kafaɗa, hankalina ya ƙi kwanciya. Wani kamfanin jiragen sama na Ikko ya ɗauke shi aikin tuƙi. Ƙanena Zamani kuwa, wanda suka gama makarantar tuƙin jirgi tare a 1977, ko wasiƙar ban haƙuri bai samu ba. Alhali Zamani ne ya zo na ɗaya a ajinsu, Alexander na bakwai.

Mutane suka ce ai haka Ikko take, mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Ni dai ban gamsu ba. Uban Alexander, Malam Andrawus, hedimastan firamare ne, ko Lakwaja bai taɓa wucewa ba. Wa ya sani a Ikko? Sai zargina ya baro can ya dawo gida.

Zamani yana ɗan shekara bakwai babanmu Tagwai, manomi a Godogodo, ya kai shi gidan Malam don ya yi karatu. A wurinmu yaron da ya zauna gidan malami, sunan malamin ake rubuta masa a rajista, ba wanda yake ganin laifin haka. Saboda haka duk takardunsa, har lasin tuƙin jirgin, Zamani Andrawus ne a jiki. Wasiƙunsa ma ta akwatin gidan waya na makarantar suke zuwa, mabuɗin yana aljihun Malam.

Sai Hellen, mai buga tafireta a ofishin Malam, ta fara sauya benci a ƙungiyar mawaƙan coci duk lokacin da na zauna kusa da ita. Mara gaskiya ko cikin ruwa gumi yake yi. Ran kasuwa na tsare ta a layin masu citta.

"Sista Lucia, kar ki sa ni a wahala," in ji ta. "Leta ya zo. Kamfani ya ce dokansu ba ya ɗaukan 'yan gida ɗaya biyu a shekara ɗaya, don kar a ce an yi son kai. Sun ce uban yara ya zaɓi ɗaya. Ni na buga amsa kawai."

Dokar hana son kai! Na yi dariyar takaici a tsakiyar kasuwa.

Ban ko ajiye kwandona ba na wuce gidan Malam. Na tarar da shi a gindin mangwaro yana duba littattafan yara. Na durƙusa na gaishe shi, don ba a haife ni a daji ba, sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

"Baba, me ya hana ku rubuta musu cewa Zamani ba ɗan cikinku ba ne?"

Ya cire tabarau a hankali. "Lucia, in na rubuta haka, za su ce sunan satifiket nashi ƙarya ne. Za su kwashe lasin ma gaba ɗaya. Na cece shi ne."

Maganar tana da kan gado, shi ya sa ta ƙara ba ni haushi. "To, tun da zaɓi aka ba ku, ai shi ne na ɗaya."

"Ba ni na zaɓa ba," ya ce, ya mai da tabaransa. "Je ki tambayi ɗan'uwanki."

Na fita ina cewa a raina tsohon nan ya iya ƙarya ido a bushe. Washegari na hau motar Godogodo. Na sami Zamani a gonar babanmu yana yankan acca, mutumin da aka koya wa ratsa gajimare. Na zayyana masa komai ina jiran ya jefar da laujen. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Na sani, Yaya. Ya tambaye ni."

"Ya tambaye ka? Yaushe?"

"Ran Lahadi, bayan sujada. Muna kan tebur a gidan Malam, matarsa Mama Martha ta zuba mini tuwo, Alexander yana gefena. Baba ya karanta letan da ƙarfi, ya ce, 'Zamani ɗana, kai ne babba. Wa zai tafi?'"

"Sai ka ce me?"

"Na ce Alexander."

Na zauna a kan kunya. Malam bai ɓoye wasiƙa ba, bai yi ƙarya ba, ba abin da zan kai gaban fasto. Ya dai san wurin da zai yi tambayar, ya kuma san yaron da ya rena. Na tsane shi a lokacin, har yau ma ban gama yafe masa ba.

"Kai wawa ne," na ce, hawaye na zubo mini. "Ba ka da baki?"

Sai a nan ya ɗago. Idanunsa sun yi ja.

"Shekara goma sha biyu ina cin tuwon gidan, Yaya. Ran nan lomar ma tana hannuna. Da ke ce, sunan wa za ki kira?"

Na buɗe baki in ce sunan kaina zan kira. Ya tsaya yana jira, ya daɗe yana jira, sannan ya sunkuya ya ci gaba da yanka.