Yaɓen Inna a Bangon Turawa

Bayan rasuwar Baba na ɗauko Inna Kulu zuwa wurina a Small Heath, wata unguwa a Birmingham can ƙasar Turawa, wai don kada kaɗaici ya kashe ta a ƙauye. Ashe kaɗaicin na kawo ta. Ni ina wurin aiki tun safe, yara suna makaranta, in sun dawo kuma Turancinsu ko ni sai na kasa kunne. Daminar farko aka bugo mana waya cewa ɗakinta na gida ya faɗi, don babu wanda ya yi masa yaɓe. Ba ta yi kuka ba. Taga kawai ta koma, ta zauna.

Wata Asabar na kai ta wani tsohon gidan gona a gefen Birmingham, inda birni ya cinye ƙauyen ya bar gidan shi kaɗai. Baƙaƙen katakai ne a tsaye da a gicciye, tsakaninsu farin bango, ga shi duk ya karkace kamar tsoho mai ciwon baya. Wata dattijuwa mai suna Margaret ce ke kula da shi. Ta nuna mana yadda aka haɗa katakan da turakun itace, babu ƙusa ko ɗaya. Ta ce tsakanin katakan kuwa tsumagu aka saƙa, aka yaɓe su da laka da ciyawa da kashin shanu.

Da na fassara wa Inna sai ta kama haɓa. "Kashin shanu? Zinatu, su ma? To yangar me suke mana?"

Ta kai hanci jikin bangon ta shaƙa, ta yi dariyar da rabon in ji ta tun Baba yana da rai.

Matar da ba ta yarda ta leƙa ko shagon bakin layi, sai ga ta ta koyi hawa bas. Takan je ta zauna da Margaret a bakin tsohon murhun gidan, su sha shayi, wannan na Hausa waccan na Turanci, kowa na gyaɗa kai. Wallahi har kishi na ji.

Shekarun nan ne council, wato hukumar birni, ke ta yanke kuɗin komai, har na gyaran gidan. Bango ya tsage ta gefen da ruwa ke bugowa. Inna ta sa na tambayi Margaret me ya hana a yi yaɓe. Margaret ta ce gidan tarihi ne, ba a taɓa shi sai da izini, izinin kuma shiru.

"Izinin wa?" in ji Inna. "Ruwan sama zai jira izini ne?"

Ban san ta haƙi ƙasa a bayan gidana ba. Ta kwaɓa da busasshiyar ciyawa, ta bar ta ta tsima, ta ɗura a bokitin fenti ta hau bas da shi. Margaret tana zagayawa da baƙi a ciki, Inna ta zaga baya ta yaɓe tsagar tas da hannunta, har da zanen yatsu irin na ɗakinta.

Kai, ranar na ga tashin hankali! Mai duba gine-gine ya ce ƙasar ba irin ta bangon ba ce, za ta riƙe ruwa katako ya ruɓe. Gaskiyarsa, amma ina yake lokacin da bangon ke tsagewa? Aka kankare yaɓen, aka rufe wurin da tampol. Daga nan aka kulle gidan, wai sai an samu kuɗin gyara. Margaret ta koma wajen 'yarta a wani gari, ko sallama ba su yi ba.

Inna ta koma taga. Yayana Sanda, likita ne a Manchester, ya ce in kai ta wurinsa ko za ta sake, na kuwa kai ta. Flat ne a can saman bene, babu ƙasa ko ta cika cokali.

Jiya na kira ta, ana ruwa.

"Ruwa ake a wurinku?" ta tambaya.

"Ana yi, Inna."

"Ta wane gefe yake bugowa?"

"Haba Inna, ina zan sani?"

Tausayinta ya kama ni.

"Ki je ki duba min bangon nan," ta ce. "Nawa ya faɗi ba na nan. Shi wannan ko a samu mai kallonsa."