Maɗaurin da Ya Zame

"Likita, maɗaurin ya zame," in ji Sista, ma'aikaciyar jinya.

Likita bai ko ɗago ba. Idonsa na kan allon kwamfuta, hannunsa riƙe da siririn ƙarfen da ya zura a hancin mutumin da ke kwance. Mutumin kuwa kafinta ne, maƙwabcin Sista, shekara tara bango ɗaya ya raba su.

Aikin ba na tashin hankali ba ne, tsiro za a cire masa a kogon hanci. Ana ɗaura wa majinyaci maɗauri a goshi, kwamfuta ta daidaita shi da hoton kansa, sai ta riƙa nuna wa likita inda bakin ƙarfen ya kai. In maɗaurin ya motsa, dole a tsaya a sake daidaitawa, aikin minti biyar. Sista kuwa da idonta ta ga ya gangaro wajen gira sa'ad da aka gyara wa kafinta matashi.

"Na'ura ta ce da sauran wuri," in ji Likita. "Ke zan bi ko ita? Mutum uku na jira."

Ta ja bakinta ta yi shiru.

Kwana biyu da sallamarsa, matar kafinta ta ƙwanƙwasa mata ƙofa. "Sista, zo ki ga yayanki. Ruwa ke ta ɗiga daga hancinsa, fari tas."

Ta same shi a bakin gado da tawul a haɓa, har da ƙarfin zolaya. "Ƙanwata, hanci kuka buɗe min ko famfo kuka sa?"

Ta taɓa wuyansa, ta ji ya sandare. Ruwan ƙwaƙwalwa ne, ƙarfen ya huda ƙashin da ke tsakanin hanci da ƙwaƙwalwa. Aka mayar da shi asibiti, zazzaɓi ya rufe shi, ya daina gane mutane. Rana ta biyar ya cika.

Kuma Sista ce fa ta kawo shi asibitin! Mutum yana lallaɓa rayuwarsa yana numfashi ta baki, ita ta dame shi da "Yaya, yanzu kwamfuta ke nuna hanya, ba a kuskure." Duk sa'ad da ta tuna wannan magana sai ta ji kamar ta mari kanta.

Bayan mako guda shugabar ma'aikatan jinya ta kira ta ofis. Likita na zaune yana juya biro. Aka turo mata takarda, an rubuta wai komai ya tafi daidai.

"Sa hannu nan," in ji shugabar.

"Ba zan sa ba."

"Ki yi wa kanki faɗa, Sista. Wanda ya tafi ya tafi, ke kuwa kina da yara."

"Shi ma yana da su, har huɗu."

Likita ya yi gyaran murya. "Sista, ƙaddara ce..."

"Kada ka jingina wa Allah gaggawarka!" Sista ta katse shi. "Minti biyar ka hana bawan Allah. Wallahi ko kora ce, sai dai a kore ni."

Ta juya takardar, ta rubuta abin da ta gani da lokacin da ta gan shi, ta sa hannu a nan.

Daga asibiti shagon kafinta ta nufa. Matarsa na ciki tana sharar garin katako. Da ganin Sista ta turo mata kujera da ƙafa. Sista ba ta zauna ba, a tsaye ta faɗa mata komai, ba ta rage ko ɗaya ba.

"Kin gaya wa likitan?"

"Na gaya masa."

"Sau nawa?"

"Sau ɗaya."

Matar ta janye kujerar ta jingina ta da bango, ta sunkuya ta ci gaba da shara, tsintsiyar na kewaye ƙafafun Sista.