Gwajin Hawan Tudu

Ƙanina bakanike ne, kuma yana da wata ɗabi'a mai ban haushi: ba ya yarda a sayi ƙaramar mota sai an cika ta da mutane an hau tudu da ita. Wai a nan ne asirin ƙaramin inji yake tonuwa.

Tsohuwar motata ta ishe ni da shan mai, shi ya sa muka je wurin dillali. Na nuna wata 'yar ƙarama, wadda kayan gyaranta ba sa wuyar samu.

"Yaya, mutum nawa kake ɗauka kullum?" in ji ƙanina. "In kira ma'aikatan nan su zauna a madadinsu."

Na fara lissafawa a raina. Yarana duk sun watse, ko waya sai sun ga dama. Uwarsu kuwa bara muka kai ta makwancinta.

"Kai dai tayar da mota," na ce masa a fusace.

Muka hau tudun mu biyu, motar ko nishi ba ta yi ba. A sama ya kashe injin ya ce, "Za ta ishe ka, Yaya."

Na waiwaya na dubi kujerun baya. Har ta yi mini yawa.